Kirk, Picard ko Sisko? Tambayoyi da amsoshi kan musun masoyan Star Trek

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ya san yadda musu yake idan ya ɗau zafi: kowa da gwaninsa, kuma ko za a kwana a hantse ba mai sauka daga kan bakansa. Masoyan Star Trek sun haura shekara 50 suna irin wannan musun, sai dai nasu a kan kyaftin-kyaftin ne na kumbon sararin samaniya. Na tattara tambayoyin da sabon shiga ya fi yi, na amsa su a nan. Abu biyu tun da wuri: ina da gwani a cikinsu kuma ba zan ɓoye shi ba, sannan akwai wuraren da dole in fasa ƙwan labari. Wanda ba ya son a gaya masa ƙarshen fim, ya taka a hankali.

Wai mene ne Star Trek ɗin nan?

Shirin talabijin ne mai dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya. Wanda ya ƙirƙiro shi Ba'amurke ne, Gene Roddenberry, tsohon matuƙin jirgin sama da ya yi aikin ɗan sanda a Los Angeles kafin ya koma rubutu. Tashar NBC ta fara haska shi ranar 8 ga Satumba, 1966. Labarin ya kai mu ƙarni na 23, zamanin da ɗan Adam ya bar yaƙi da yunwa a baya, ya ƙulla Tarayya da mazauna wasu duniyoyi, ya tura kumbo mai suna Enterprise yawon bincike na shekara biyar. Zango uku kacal aka yi, kashi 79, aka rufe a 1969.

Daga nan 'ya'ya da jikoki suka biyo baya. The Next Generation ya yi daga 1987 zuwa 1994, Deep Space Nine daga 1993 zuwa 1999, Voyager daga 1995 zuwa 2001, Enterprise daga 2001 zuwa 2005. Talabijin ta yi shekara 12 ba sabon shiri, sai Discovery ya zo a 2017, bayansa Picard, Lower Decks, Prodigy da Strange New Worlds. Kowane kyaftin a cikinsu yana da rundunar da ke kare shi.

Shirin da aka rufe bayan zango uku, ya aka yi ya kawo yau?

'Yan kallo ne suka ƙi yarda ya mutu. Tun a zango na biyu aka fara raɗe-raɗin NBC za ta yanke shi, sai wata mata, Bjo Trimble, da mijinta John suka tayar da mutane rubuta wa tashar wasiƙu. Wasiƙun suka yi yawan da aka ƙara zango na uku a 1968, amma aka rage masa kuɗi, aka kuma jefa shi ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida. Bayan an rufe shi, ƙananan tashoshi suka saya suna maimaitawa, a nan ne ma ya sami mafi yawan masoyansa. A Janairun 1972 aka yi babban taron masoya a New York, dubban mutane suka cika wurin. A 1976 wasiƙunsu suka kai fadar shugaban Amurka Gerald Ford, har aka raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise. A 1979 fim ɗin silima na farko ya fito.

Wannan tarihin shi ke sa masoyin Star Trek yake magana kamar yana da hannun jari a kamfanin. A ganinsa shi ya tono gawar ya busa mata rai, don haka idan marubuta suka taɓa jarumin da yake so, ba ya ɗaukar abin a matsayin wasa.

To, Kirk ko Picard?

Wannan ne uban musun, tun 1987 ake kansa.

James Kirk, wanda William Shatner ya fito a matsayinsa, mutum ne mai zafin nama. Shi da kansa yake sauka duniyar da ba a sani ba, ya yi dambe, rigarsa ta yage, ya dawo yana murmushi. Masoyansa suna son labarin jarrabawar Kobayashi Maru, wadda aka tsara ta yadda ba ɗalibin da zai ci, shi kuwa ya lallaɓa ya sauya wa kwamfutar tsari ya ci abinsa. Masu sukarsa suna cewa ai wannan satar amsa ce, kuma su ƙara da cewa mai bin mata ne. Wannan zargi na biyu ya yi kauri fiye da abin da ke cikin shirin. Wanda ya zauna ya kalli kashi 79 ɗin zai tarar da mutum mai karatu, mai jin shawarar abokansa biyu, Spock da likita McCoy. A kashin The City on the Edge of Forever na 1967 ya hana a ceci matar da yake so daga bugun mota, yana ji yana gani, saboda rayuwarta za ta juya tarihin duniya zuwa halaka.

Jean-Luc Picard na The Next Generation kuwa dattijo ne. Patrick Stewart, wanda ya fito a matsayinsa, ɗan wasan dandamali ne daga Ingila da ya ƙware a wasannin Shakespeare, kuma Roddenberry da farko bai so a ba mai sanƙo kujerar kyaftin ba. Picard yana zama a teburi, ya ji ta bakin kowa, ya kurɓi shayinsa, sannan ya yanke hukunci. Yara suna takura shi, tsofaffin tukwane da kufai suna burge shi. Magoya bayan Kirk sun daɗe suna yi masa ba'a cewa abokan gaba suna harbi shi yana kiran taro. Nasa mutanen sai su kawo Chain of Command na 1992, inda aka kama shi aka azabtar, aka kunna masa fitila huɗu aka ce sai ya ce biyar ne. Bai faɗa ba. Amma abin da ya sa kashin ya zauna a zuciya shi ne abin da ya biyo baya: da ya dawo gida, ya gaya wa mai ba shi shawara cewa a ƙarshe har ya fara ganin biyar ɗin.

Inda nake ganin Picard yana da tabo shi ne babbar dokar nan ta Starfleet, rundunar kumbunan Tarayya, da ta hana shisshigi cikin al'amuran al'ummar da ba ta kai ga fita sararin samaniya ba. A Homeward na 1994 ya shirya ya zuba ido wata al'umma ta ƙare ƙurmus don kada a karya doka. Kirk da tuni ya karya ta, ya kuma kawo hujja daga baya. Idan ana neman wanda za a aika sulhu tsakanin dangi biyu, Picard za a aika. Idan gobara ce ta tashi, a kira Kirk.

Ka ce kana da gwani. Wane ne?

Benjamin Sisko na Deep Space Nine, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa.

Da shirin ya fara a 1993, masoya da yawa suka yi masa tawaye. Hujjarsu mai sauƙi ce: Star Trek tafiya ce, wannan kuwa tashar sararin samaniya ce da ke zaune wuri guda. Sai dai zaman wuri gudan shi ne ƙarfinsa. Kirk da Picard suna shiga duniya, su warware matsala cikin minti 45, su tayar da kumbo su wuce, ba sa dawowa su ga abin da suka bari. Sisko ba shi da inda za shi. An ajiye shi kusa da duniyar Bajor, wadda ta fito daga mulkin mallakar 'yan Cardassia, da marayunta, da tsofaffin 'yan tawayenta, da waɗanda suka yi wa 'yan mamaya aiki kuma yanzu kowa ya san su. Duk hukuncin da ya yanke yau, gobe zai gamu da shi a kasuwar tashar.

Sannan mutum ne mai gida. Matarsa Jennifer ta mutu a yaƙin Wolf 359, kuma wanda ya jagoranci harin Picard ne, a lokacin da halittun Borg suka kama shi suka juya masa kai. Saboda haka haɗuwarsu ta farko ba fara'a a cikinta, abin da ya ɓata wa masoyan Picard rai sosai. Shi kaɗai ya riƙe ɗansa Jake, yana dafa masa abinci irin na New Orleans, inda mahaifinsa ke da gidan abinci. Brooks ya ba wannan dangantaka ta uba baƙar fata da ɗansa muhimmanci ƙwarai, kuma The Visitor na 1995 yana cikin kashin da manyan maza ke amsa cewa sun yi hawaye. Deep Space Nine ne kuma ya fara ɗaukar addini da daraja. Mataimakiyar Sisko, Kira Nerys, mai ibada ce, kuma shirin bai mayar da ita wawiya ba saboda haka, alhali Roddenberry ya zana makomar da kusan ba addini a cikinta.

Kashin da ake yanke hukunci da shi shi ne In the Pale Moonlight na 1998. Tarayya tana shan kashi a yaƙi da daular Dominion, kowane mako ana liƙa sunayen matattu. Sisko ya haɗa baki da Garak, tela kuma tsohon ɗan leƙen asiri, suka ƙirƙiri shaidar bogi don su ja 'yan Romulus cikin yaƙin. Sanatan Romulus da aka kai wa shaidar ya gane ta bogi ce. Garak ya dasa bam a jirginsa. 'Yan Romulus suka ɗora laifin a kan Dominion suka shigo yaƙi, aka ceci biliyoyin rayuka. Sisko ya zauna shi kaɗai yana naɗar bayanin abin da ya faru, yana lallashin kansa cewa zai iya rayuwa da wannan nauyi, sannan ya goge naɗin.

Rabin masoya suna cewa wannan ne kashi mafi kyau a duk tarihin Star Trek. Sauran suna cewa a ranar aka binne mafarkin Roddenberry, wanda ya rasu a 1991. Kuma suna da wata hujjar da ban iya ture ta: a For the Uniform, Sisko ya sa guba a iskar wata duniya sukutum don ya kama mutum ɗaya da ya ci amanarsa, ba kuma wanda ya tuhume shi. Duk da haka ina nan a bayansa. Na fi gaskata shugaban da aka nuna min dattin hannunsa.

Ga wanda ke neman ɗan gida a shirin: Alexander Siddig, mai fitowa a matsayin likita Bashir, a Sudan aka haife shi, kuma ɗan ɗan'uwan tsohon firaminista Sadiq al-Mahdi ne.

Me ya sa da an ambaci Janeway sai wani ya ce "Tuvix"?

Kathryn Janeway ta Voyager, wadda Kate Mulgrew ta fito a matsayinta, ita ce mace ta farko da ta ja ragamar shiri a Star Trek. An wurga kumbonta nisan da haske kansa sai ya yi shekara 70,000 kafin ya ci, tafiyar gida za ta ɗauki kimanin shekara 75. Tun a kashin farko ta lalata na'urar da za ta iya mayar da su gida don kada ta faɗa hannun azzalumai, kuma tun ranar ake musu ko tana da ikon yanke wa mutum sama da ɗari wannan hukunci.

Amma Tuvix na 1996 ya fi kowanne. Na'urar da ke ɗauke mutum daga wuri ta sauke shi a wani ta samu matsala, ta haɗe mutum biyu, Tuvok mai tsaro da Neelix mai girki, suka zama mutum ɗaya. Sabon mutumin ya raɗa wa kansa Tuvix. Ya yi makonni a cikinsu, ya yi abokai, ya iya aiki, har girkinsa ya fi na Neelix. Sai aka gano hanyar raba shi a dawo da biyun. Tuvix ya ce bai yarda ba, yana son ransa. Ya roƙi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Likitan kumbon ya ce rantsuwar aikinsa ta hana shi cutar da mara lafiyar da bai amince ba. Janeway ta karɓi allurar ta yi da hannunta, ta fita fuska a murtuke.

Masu kare ta suna cewa rai biyu ya fi ɗaya, kuma Tuvok da Neelix ba su da bakin roƙo, ita ce muryarsu. Masu sukarta suna cewa haɗarin da ya ɗauke biyun ƙaddara ce, abin da ta yi wa Tuvix kuwa kisan ganganci ne. Ni ina tare da na biyun, kodayake na yarda da wani abu guda: ba ta tura wa ƙaramin ma'aikaci aikin ba. Musun ya yi tsawon da har Lower Decks, shirin zane na barkwanci, ya dawo da shi a 2023 ya yi masa dariya.

Tsakanin Spock da Data fa?

Spock ubansa ɗan duniyar Vulcan ne, uwarsa 'yar Adam, yana danne zuciyarsa don ya bi hankali tsantsa kamar dangin ubansa. Data na The Next Generation mutum-mutumi ne da ba shi da zuciyar, yana kuma nemanta ido rufe: yana koyon barkwanci, yana zane, yana kiwon kyanwa. Ɗaya yana gudun abin da ɗayan ke bara.

Manyan NBC sun ji tsoron Spock da farko, wai kunnuwansa masu tsini sun yi kama da na shaiɗan, har aka gyara su a hoton talla. Sai ga shi ya fi kowa samun wasiƙun masoya. Leonard Nimoy ya sha fama da wannan suna: a 1975 ya rubuta littafi yana cewa shi ba Spock ba ne, mutane suka ji haushi, a 1995 ya sake wani yana cewa shi ne Spock. Da labari ya fita cewa za a kashe Spock a fim ɗin 1982, masoya suka tayar da jijiyar wuya, a 1984 aka dawo da shi. Duk wanda ya tashi tsakanin gida biyu, dangin uwa suna ganinsa bare, dangin uba suna ganin jininsa da gauraye, ba sai an yi masa bayanin Spock ba.

Data, wanda Brent Spiner ya fito a matsayinsa, yana da The Measure of a Man na 1989, shari'ar da aka yi don a tantance ko shi mutum ne ko kayan Starfleet. Guinan, mai kula da wurin shaƙatawar kumbon, wadda Whoopi Goldberg ta fito a matsayinta, ita ta nuna wa Picard cewa idan aka ƙera dubban irin Data aka ce ba su da 'yanci, sunan abin bauta. Yanzu da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira, wannan kashin ya sake samun kasuwa. Amma a ƙidayar farin jini, Spock ne a gaba, kuma ba kusa ba.

Uhura ba ta cika magana a shirin farko ba. Me ya sa ake girmama ta haka?

Saboda shekarar da ta zauna a kujerar. A 1966 baƙar mace a talabijin ɗin Amurka yawanci 'yar aiki ce. Nichelle Nichols kuwa ta fito a matsayin hafsa a ɗakin tuƙin kumbo, sunan Uhura daga kalmar Swahili uhuru, wato 'yanci. Ta so ta bar shirin bayan zango na farko, kuma kamar yadda ta sha bayarwa da bakinta, Martin Luther King ne ya roƙe ta ta zauna. Daga 1977 ta taya NASA neman mata da baƙaƙen fata su shiga aikin sama jannati. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta zaburar da ita, kuma a 1993 ta fito a The Next Generation. Nichols ta rasu a 2022.

Ƙorafin masoya gaskiya ne: marubuta sun bar ta da amsa kira. Strange New Worlds ne ya zo ya ba Uhura tarihi, ya ce 'yar Kenya ce mai jin harsuna da dama.

Wane jarumi aka fi tsana?

Wesley Crusher na The Next Generation ya daɗe da wannan kambu. Yaro ne ɗan baiwa da yake ceton kumbo alhali ga manyan injiniyoyi a tsaye suna kallo. Sunan tsakiya na Roddenberry shi ne Wesley, don haka mutane suka ce kansa ya zana. Wil Wheaton, wanda ya fito a matsayinsa yana matashi, ya sha zagin da marubuta ya kamata su sha, kuma masoya da yawa sun dawo suna jin kunyar abin. Neelix na biye masa saboda surutu da kishi. Irin wannan jarumi da komai ya iya, kowa na yabonsa, masoya suna kiransa Mary Sue, sunan da ya fito daga wani gajeren labarin shaguɓe da Paula Smith ta rubuta a 1973 a mujallar masoyan Star Trek. Yau har masu sharhin finafinan da ba su taɓa kallon shirin ba suna amfani da shi.

Wane ne bos ɗin da ya fi?

Masu son tsoro suna cewa Borg, waɗanda ba sa kashe ka, sai dai su haɗiye ka ka zama ɗaya daga cikinsu. A 1990 aka rufe zango na uku na The Next Generation da Picard a hannunsu, mataimakinsa Riker ya ba da umarnin a yi harbi, aka bar mutane wata uku suna jira. Matsalar Borg ita ce Voyager ya yi ta cin su da yaƙi har kwarjininsu ya zube. Masu son silima suna cewa Khan, abokin gabar Kirk a fim ɗin 1982.

Ni Gul Dukat nake zaɓa, tsohon gwamnan mulkin mallakar Bajor. Ya kashe mutane ba adadi, amma abin da ke cin ransa shi ne ba a gina masa gunkin tunawa ba. Da gaske yake ganin ya yi musu alheri. Marc Alaimo ya buga shi da daɗin baki har wasu 'yan kallo suka fara kare shi, abin da ya tayar wa marubutan hankali. Kusa da shi akwai Kai Winn, shugabar addini mai murmushi da addu'a a baki, wuƙa a hannun riga.

Na ji ana cewa "Darmok". Mene ne?

Kashi ne na 1991, kuma na tabbata Bahaushe zai riga Ba'amurke gane shi. Picard ya gamu da al'ummar da na'urar fassara take juya kalmominsu amma ba a fahimtar nufinsu, domin ba sa magana sai da ishara ga tatsuniyoyinsu. Kamar ka ce wa baƙo "Bayajidda a bakin Kusugu". Kai ka san ana nufin baƙon da ya zo ya kawar da abin da ya gagari 'yan gari, shi kuwa sunaye biyu kawai ya ji. Kyaftin ɗinsu ya sa aka sauke shi da Picard a wata duniya mai dodo, don wahala ta haɗa su su fahimci juna, ya kuma rasa ransa a kan haka. Masu son ƙwaƙƙwafi suna tambaya yadda mutanen da ke magana da karin magana zalla suka ƙera kumbo. Tambayar tana da kyau, amma ba ta rage wa kashin komai ba.

Akwai kashin da masoya suka haɗu a kan cewa bai yi ba?

A nan ne kaɗai ake samun zaman lafiya. Spock's Brain na 1968, inda aka sace ƙwaƙwalwar Spock aka riƙa tuƙa gangar jikinsa da rimot. Threshold na 1996, inda Janeway da matuƙinta suka rikiɗe suka zama wasu halittu kamar ƙadangaru, kodayake kashin ya ci kyautar Emmy ta kwalliya. Ƙarshen Enterprise a 2005, inda aka kashe injiniyan kumbon, Trip Tucker, ba dalili, aka kuma mayar da taurarin shirin baƙi a gidansu don a ba Riker fili.

Wanda ya fi ci min rai shi ne Code of Honor na The Next Generation a 1987: duniya ce ta baƙaƙen fata zalla, da rawuna da masu, sarkinsu ya sace farar mace. Duk wani tsohon zanen da Turawa suka yi wa Afirka yana ciki. 'Yan wasan da kansu, har da Jonathan Frakes mai fitowa a matsayin Riker, sun fito sun yi tir da shi.

Gaskiya ne sababbin shirye-shiryen sun lalata Star Trek?

Kafin in amsa, a tuna cewa an faɗi haka a 1987, wai ba Star Trek sai da Kirk da Spock. An faɗa a 1993 saboda tasha ba ta tafiya. An faɗa a 2001 saboda Enterprise ya buɗe da waƙa mai murya maimakon kiɗan da aka saba. Waɗanda suka zagi Deep Space Nine jiya, yau da shi suke dukan Discovery.

Wasu ƙorafe-ƙorafen ba su da ƙafa. An ce ta yaya Michael Burnham, wadda Sonequa Martin-Green ta fito a matsayinta, za ta zama 'yar riƙon gidan su Spock bai taɓa ambatonta ba? Ai Spock ɗin nan bai gaya wa Kirk cewa jakada Sarek mahaifinsa ne ba sai da mutumin ya tako cikin kumbo, kuma sai a fim ɗin 1989 aka ji yana da wa. An ce an sauya wa 'yan Klingon, wata al'ummar mayaƙa ta cikin shirin, kama. An sauya musu a 1979 ma, kuma da aka tambayi Worf, ɗan Klingon da ke aiki a Starfleet, dalili a wani kashi na 1996, cewa ya yi ba sa tattauna maganar da bare. Akwai kuma waɗanda ciwonsu kawai baƙar mace ce a gaba, su ba na ɓata musu lokaci.

Amma akwai ƙorafi mai tushe. Da, zango ɗaya kashi 26 ne, akwai sararin da za a ba kowane ƙaramin ma'aikaci ranarsa, a gan shi yana wasan karta ko yana rigima da matarsa. Yanzu zango kashi 10 ne zuwa 15, labari ɗaya ne dogo, kullum duniya na gab da tashi, kullum Burnham ce mai ceto, ga yawan kuka a bakin aiki. Bayan zango biyar da kashi 65, 'yan kallo da yawa ba su iya kawo sunayen waɗanda ke zaune a ɗakin tuƙin Discovery ba. Wannan laifin tsari ne.

Strange New Worlds, wanda ya fara a 2022 da Anson Mount a matsayin Kyaftin Pike, ya koma tsohon salo na kowane kashi da labarinsa, shi ya sa har masu taurin kai suka sassauta. A cikinsa Babs Olusanmokun, haifaffen Legas, yake fitowa a matsayin likita M'Benga, tsohon sojan da yaƙi bai sake shi ba. Kashinsa na 2023, Under the Cloak of War, ya ƙare da gawar jakadan Klingon a ɗakin shan magani, aka bar mai kallo ya yanke ko kare kai ne ko ramuwa. Da a ce Sisko ya kalla, da ya gane mutumin.

Me ake nufi da "mai jar riga"?

A shirin farko masu tsaro jar riga suke sawa. Idan Kirk, Spock da McCoy suka sauka wata duniya tare da wani mai jar riga da ba a taɓa gani ba, to ka fara yi wa iyalinsa ta'aziyya. The Next Generation ya juya launin, ja ya koma na shugabanni.

Daga ina zan fara kallo?

Kada ka ce sai ka bi shekara da shekara, za ka gaji tun ba a je ko'ina ba. Idan idonka ya saba da hoto na zamani, fara da Strange New Worlds. Idan kana da haƙuri, shiga The Next Generation daga zango na uku, domin biyun farko suna ɗingishi. Masoya ma suna cewa shirin bai nuna ba sai da Riker ya tsayar da gemu. Bayan nan ka dawo Deep Space Nine daga farko, kada ka tsallake, ka jure har kashin Duet a ƙarshen zango na ɗaya. Yara kuwa Prodigy aka yi dominsu. Shirin 1966 ka ajiye shi sai ka riga ka kamu, lokacin duwatsun kwali da dodannin roba ba za su kore ka ba.

Harry Kim na Voyager fa, an ƙara masa girma kuwa?

A'a. Shekara bakwai, kashi 172, yana ƙaramin hafsa mafi ƙanƙantar muƙami. Ya mutu ya dawo, an kama shi, an azabtar da shi, ya ceci kumbo ba sau ɗaya ba. A gabansa aka rage wa matuƙin kumbon, Tom Paris, muƙami, aka kuma mayar masa da abinsa. Garrett Wang, wanda ya fito a matsayinsa, har yau yana ba da wannan labari a tarukan masoya, su kuma suna dariya suna nuna Janeway da yatsa.